Ɗan Itacen da Ba Shi da Mai Shi: Bilakberi a Baki da Gidajen Mutanen Ingila na Da

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsayin bilakberi, wani ɗan itacen ƙaya da ke fitowa da kansa a shingayen Turai, cikin rayuwar mutanen Ingila da maƙwabtansu daga ƙarni na 14 zuwa ƙarni na 20. Abin da take son tabbatarwa shi ne, maganar yau da kullum ta mayar da shi ma'aunin abin banza don kawai ba a sayensa da kuɗi, alhali abincin talaka da maganinsa da sana'ar hannunsa suna ba da wata shaida dabam.

Shukar da 'ya'yanta

Yawancin masu karatu a ƙasar Hausa sun fara jin sunan ne a jikin wayar BlackBerry, wadda wani kamfanin Kanada ya fito da ita a 1999, aka kuma raɗa mata sunan saboda ƙananan maɓallanta sun yi kama da ƙwayoyin ɗan itacen. Shukar kanta ba ta fitowa a ƙasar Hausa, don haka sai an ɗan kwatanta ta.

Masana tsirrai suna kiran ta Rubus fruticosus, dangin furen wardi ce. Ba bishiya ba ce. Dogayen rassa take miƙawa, masu ƙaya mai ƙugiya, su yi sama su lanƙwaso, duk inda kan reshe ya taɓa ƙasa sai ya yi saiwa ya zama sabuwar shuka. Da haka take tafiya, taki bayan taki, har ta zama sarƙaƙiyar da ko tunkiya ta shiga sai an ciro ta. Kowane reshe shekara biyu yake yi: ta farko ya girma, ta biyu ya yi fure ya yi 'ya'ya, sannan ya bushe. Ɗan itacen bai wuce kan babban yatsa ba, curi ne na ƙananan ƙwayoyi masu ruwa, yana farawa kore, ya koma ja, ya nuna baƙi wuluk tsakanin Agusta da Oktoba. A Birtaniya kaɗai masana sun rarrabe ire-irensa fiye da 300, shi ya sa wani gindin yakan yi zaƙi, na kusa da shi kuma tsami. Matan ƙauye sun san wannan tun kafin masana su rubuta shi, kowace tana da gindin da take zuwa, ta kuma san cewa ɗan da ke can ƙarshen cunkus shi ke fara nuna, shi ne kuma ya fi zaƙi.

Cin sa ya daɗe ƙwarai. A 1835 masu haƙa a wata fadama mai taɓo a yankin Jutland na ƙasar Denmak suka tono gawar wata mace da taɓon ya hana ta ruɓewa. Da fari an ɗauka wata sarauniya ce ta zamanin mayaƙan teku na Viking, har sarkin ƙasar ya sa aka yi mata akwatin gawa na alfarma. Daga baya awon kimiyya ya nuna ta rayu ne wajen shekara 490 kafin haihuwar Annabi Isa. Da aka sake binciken gawar a shekarar 2000, abin da aka samu a cikinta gero ne da ba a surfa ba, da bilakberi. Wannan ya nuna abin da ta ci na ƙarshe, ya kuma nuna cewa a ƙarshen bazara ko farkon kaka ta mutu.

A bakin mutane

Tsohuwar shaida daga rubutaccen Ingilishi tana wurin Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400. A cikin labaransa na matafiya zuwa Kantabiri akwai wani mai sayar da takardun gafara na coci, wanda ya faɗa da bakinsa cewa kuɗi kawai yake wa wa'azi. Da ya zo bayyana rashin damuwarsa da makomar mutanen da yake karɓar kuɗinsu, sai ya nuna cewa bayan an binne su, ko rayukansu sun tafi tsintar bilakberi, shi ba ruwansa. Ma'anar a fili take ga masu sauraronsa: a bi daji ba alƙibla, a ɓace. Duk wanda ya taɓa bin shinge yana tsinka ya san yadda abin yake, wannan gindi ya kai ka wancan, kafin ka ɗaga kai ka yi nisa da gida.

Bayan shekara kusan 200, Shakespeare ya yi amfani da shi har sau biyu a fage ɗaya na wasan Henry na Huɗu, kashi na farko, wanda ya rubuta wajen 1597. Falstaff, wani ƙaton jarumin baka, ya je fashi da abokansa, sai Yarima Hal da wani abokinsa suka ɓad da kama suka ƙwace ganimar, shi kuwa ya ranta a na kare. Da ya dawo mashaya sai ya shiga zuba, mutum biyun da suka kore shi suna ta ƙaruwa a bakinsa har suka kai 11. Aka ritsa shi da tambaya: yaya aka yi ka gane launin tufafin wasu a duhun da ka ce ko tafin hannunka ba ka gani? Sai ya fake da girman kai, ya nuna cewa ko da hujjoji sun yi yawan bilakberi, ba zai ba kowa ko ɗaya a kan tilas ba. Bahaushe zai ce kamar jamfa a Jos. Can gaba kaɗan, yana kwaikwayon sarki yana yi wa yariman faɗa, sai ya haɗa cin bilakberi da gudun makaranta, wato aikin yaron da ya saɓa hanya ya shige shinge maimakon ya tafi wurin malam.

A wasan Troilus da Cressida kuma, na wajen 1602, wani mai baƙin baki da ake kira Thersites ya auna dabarun manyan mayaƙan Girka biyu, ya ce darajarsu ba ta kai ta bilakberi ɗaya ba.

In aka jera waɗannan, ma'ana uku ce take fitowa: yawa, rashin daraja, da yawon banza. Duka ukun daga tushe ɗaya suke, wato abu ne da ba wanda ya shuka, ba wanda ya yi wa ban-ruwa, ba wanda zai kai ƙara in an tsinka. A ganin mai wannan maƙala, a nan ne ya kamata mai nazari ya yi hattara. Waɗanda maganarsu ta shiga littafi mutanen birni ne da na fada, masu cin 'ya'yan itacen lambu da aka kewaye da katanga. Matar ƙauye da ke cika kwando ba ta bar rubutu ba. In aka ɗauki karin maganar a matsayin hoton rayuwa, to an ɗauki ra'ayin mai lambu ke nan an ɗora wa kowa.

Ba duka maganganun ne na raini ba. A wasu karkarar Ingila ana kiran dogayen rassan nan masu ƙugiya da sunan lauyoyi, don in sun kama mutum ba ya fita salin alin. Faransawa suna da karin magana a kan mai zuwa tsintar bilakberi ba tare da sanda mai ƙugiya ba, suna nufin wanda ya shiga aiki ba shiri. Wannan magana ce ta waɗanda suka san aikin, domin mafi kyawun 'ya'yan kullum suna can sama ko can ciki, inda hannu ba ya kaiwa sai an jawo reshen. Da Turawan suka ƙaura Amurka, sun tafi da shi har cikin lissafin yanayi: a jihohin kudu, ɗan sanyin da kan dawo a watan Mayu lokacin da shukar ke fure ana kiran sa hunturun bilakberi.

Abin da gida ya sani

Ta fuskar abinci, kafin sukari ya yi araha yawanci ɗanye ake ci, ko a dafa shi cikin ƙullun alkama tare da tuffa mai tsami, ko a yi giya ko ruwan tsami da shi. Haɗa shi da tuffa ba don ɗanɗano kaɗai ba ne. Nunannen bilakberi ba shi da isasshen sinadarin da ke sa dahuwa ta yi kauri ta kama jikinta, tuffa mai tsami kuwa tana da shi da yawa, kuma lokaci ɗaya suke nuna. Da gwamnatin Birtaniya ta soke harajin sukari a 1874, sai jam, wato 'ya'yan itacen da aka dafa da sukari don shafa wa burodi, ya zama cimar gidan ma'aikaci. Uwar da ba ta da kuɗin man shanu tana iya tura yara shinge da gwangwani, ta sayi sukari kawai, ta ajiye abin shafawa na watanni.

Ta fuskar magani, labarin ya girmi Ingila. Dioscorides, likita Bagirke na ƙarni na farko, ya rubuta cewa shukar tana tsayar da gudawa, tauna ganyenta kuma yana ƙarfafa dasashi. John Gerard a littafinsa na tsirrai na 1597 da Nicholas Culpeper a nasa na 1652 sun maimaita irin wannan, suka ambaci kurkure baki da ruwan ganyen don gyambon baki da ciwon maƙogwaro. Akwai dalili. Ganyen da saiwar suna cike da tanin, sinadarin nan mai bauri da majema ke jima da shi, wanda ke tsuke fatar da ta kumbura ya rage zubar ruwa. Culpeper ya rubuta littafinsa da Ingilishi ne, ba da Latin ba, da gangan don wanda ba zai iya biyan likita ba, abin da ya jawo masa fushin ƙungiyar likitocin Landan.

Akwai kuma maganin da ba na sha ba ne. Reshen da ya lanƙwasa ya yi saiwa a kai da gindi yakan zama kamar ƙofa, mutane kuma sun ɗauki wannan ƙofa da muhimmanci. A yammacin Ingila da Wales, in yaro ya kamu da tarin shiƙa ko maruru, sai a kai shi wurin irin wannan reshe, galibi da sassafe, a ratsa da shi ta ƙarƙashi sau bakwai ko tara, wani yana miƙawa wani yana karɓa. A wasu wurare akan ajiye ɗan burodi a gindin, da fatan dabbar da ta ci za ta tafi da ciwon. A yankin Kwanwol na Ingila kuwa, ganye tara ake tsomawa a ruwan marmaro a ɗora kan ƙuna ana addu'a. Roy Vickery ya tattara ire-iren waɗannan a ƙamusunsa na al'adun tsirrai na 1995. Ratsa ƙaya ba ya warkar da tarin shiƙa, wannan ba abin musu ba ne. Amma ya kamata a tuna cewa ba a ware ƙwayar cutar ba sai 1906, rigakafinta kuma bai zama ruwan dare a Birtaniya ba sai shekarun 1950. Kafin nan ciwon yana kashe jarirai dubbai, uwa kuma ba ta iya naɗe hannu tana kallon ɗanta yana shiɗewa.

Amfanin da aka fi mantawa da shi shi ne na rassan kansu. Kafin akwatunan zuma na katako su yaɗu a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, amyar Turai da karan hatsi ake saƙa ta, kuma da tsagaggun rassan bilakberi ake ɗinke ta. Masaƙi yakan yanko dogayen rassa da hunturu, ya kankare ƙayar, ya tsaga reshen gida-gida, ya ƙwaƙule ɓargon ciki har ya zama siririyar tsirkiya mai lanƙwasuwa. Daga nan ya ɗauki guntun ƙahon saniya da aka yanke kai da gindi, yana cusa kara ta faffaɗan bakin, yana fitowa ta ƙaramin a matsayin igiya mai kauri ɗaya. Yana naɗa igiyar tana zagayawa, yana huda zagayen ƙasa da tsinken ƙashi, yana zura tsirkiyar yana ja, har amya ta tashi. Da wannan hanya ake yin kwanduna da kujeru da shimfiɗar jarirai. A wasu maƙabartun ƙauye ma da rassan ake ɗaure ciyawar da aka rufe sabon kabari da ita, don kada tumakin da ke kiwo a harabar coci su tone.

Ranar Mika'ilu

Camfin da ya fi kowane yaɗuwa shi ne na ranar daina ci. Kiristocin Ingila suna bikin Mala'ika Mika'ilu ran 29 ga Satumba. Labarin baka ya ce a wannan rana aka jefo Iblis daga sama, ya faɗa cikin ƙayar bilakberi, don haka kowace shekara yakan dawo ya tofa wa 'ya'yan yawu, ko ya tattake su, ko ya yi musu abin da ya fi haka ƙazanta, gwargwadon yankin da ake ba da labarin. A Ailan wani aljani ne da suke kira Puka ake ɗora wa laifin, ranar kuma ita ce farkon Nuwamba.

A wurare da dama ba 29 ga Satumba ake faɗa ba, 10 ko 11 ga Oktoba ake cewa. Dalilin yana cikin tarihin kalanda. A 1752 Birtaniya ta bar tsohuwar kalanda ta koma ta Gregori, aka tsallake kwana 11, aka kwana ran 2 ga Satumba aka tashi ran 14. Mutanen karkara da yawa suka ci gaba da lissafin bukukuwansu da tsohuwar rana, camfin ya bi su.

Camfin yana da gaskiyar da ya ɗauko. Da kaka ta yi nisa, raɓa da sanyi sun sauka, 'ya'yan sukan yi laushi su yi lami, ƙudaje su huda su, tsutsa ta shiga, wata funfuna mai toka-toka ta lulluɓe su. Uwar da ta ce wa yaro Iblis ya tofa yawu ta fi saurin hana shi ci a kan wadda za ta tsaya bayanin funfuna. Ranar Mika'ilu kuma tana cikin ranaku huɗu na shekara da ake biyan kuɗin hayar gona, ake ɗaukar barori ko sallamarsu. Rana ce da kowa ke riƙe da ita a ka, saboda haka ta dace da zama iyakar kowane abu na kaka.

Abin lura, 'yar'uwar wannan shuka da Iblis ya la'anta a Ingila ita ce ake girmamawa a Sina'i. A gidan ibadar Santa Katarina, wanda aka gina a ƙarni na 6 zamanin Sarki Justinian, akwai wani kurmin ƙaya na irin Rubus sanctus da masu ibadar wurin suke cewa a cikinsa Annabi Musa ya ga wuta.

Shinge, yaƙi da farashi

Tsakanin 1604 da 1914 majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokokin killace filaye fiye da 5,200, waɗanda suka shafi eka miliyan 6.8, sama da kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar Ingila. Filayen da talaka ke kiwon saniyarsa, yake yin itace, yake kala, suka koma mallakar mutum ɗaya. Aka dasa shingayen ƙaya don shata iyaka. Masanin tarihin karkara Oliver Rackham ya ƙiyasta cewa an dasa mil 200,000 na shinge tsakanin 1750 da 1850. Tsuntsaye suka sauka kan shingayen suka zubar da iri, bilakberi ya tsiro ya bi su. Talakan da aka raba da fili, abin da ya rage masa shi ne gefen shingen da ke fuskantar hanya. Farautar zomo a gonar mai ƙasa tana iya kai mutum kurkuku ko a kore shi zuwa Ostireliya, amma tsintar bilakberi a bakin hanya ta zauna a matsayin al'adar da kusan kowa ya yarda da ita. Mai wannan maƙala yana ganin rainin da aka yi wa ɗan itacen ya taimaka wajen barin sa a hannun talaka, domin da masu ƙasa sun ga kuɗi a jikinsa, da wuya su ƙyale.

Kuɗin ya bayyana a Yaƙin Duniya na Farko. Daga Fabrairun 1917 jiragen ƙarƙashin teku na Jamus suka shiga nutsar da jiragen da ke kawo wa Birtaniya abinci, a 1918 kuma lambunan ƙasar ba su yi albarka ba, ga sojoji a fagen daga suna buƙatar jam. Gwamnati ta juya ga shinge. Aka umarci makarantun karkara su riƙa sakin yara rabin yini a wasu ranakun mako, malamai na biye da su, su tafi tsinta. Su dawo da kwanduna, hedimasta ya ɗora a sikeli ya rubuta, a kai tashar jirgin ƙasa zuwa masana'antar jam. Ana biyan yara toro, wato kwabo uku, a kan kowace laba. Littattafan da hedimastoci ke rubuta al'amuran yau da kullum a ciki suna nan a ma'ajiyar tarihi ta gundumomi da dama, da ranaku da nauyin abin da aka tsinto. Abin da Falstaff ya kira aikin mai gudun makaranta, ga shi makarantar da kanta tana tura yara su yi.

A yaƙi na biyu aka sake komawa. An fara rabon sukari da kati a Janairun 1940, jam kuma a 1941, ƙungiyar matan karkara ta Women's Institute ta buɗe cibiyoyin dafa jam a ɗakunan taro na ƙauyuka da sukarin da gwamnati ta ware, matan suna aikin kyauta, abin da suka dafa yana shiga rabon ƙasa. A arewa maso gabashin Ingila, tsofaffi har yau suna kiran hutun makaranta na tsakiyar zangon kaka makon bilakberi.

Al'adar ta shiga rubutacciyar doka a 1968. Dokar sata ta Ingila da Wales ta wannan shekara, a sashe na 4, ta bayyana cewa wanda ya tsinki 'ya'ya ko fure ko ganyen shukar da ta fito da kanta a ƙasar wani bai yi sata ba, sai fa in don sayarwa ko neman riba ya tsinka. Shiga gonar ba izini laifi ne dabam da mai ƙasa zai iya kai ƙara a kansa, amma abin da ke cikin kwandon na mai tsinta ne.